Ku Tambaya Mu Amsa: Wai jirgin eliyan zai iya abin da ake cewa yana yi?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan makon kusan duk magana ɗaya suka ɗauko, wato halittun nan na wata duniya da ake ce ma eliyan da jiragensu, da alama wani tsohon bidiyo ne ya sake zagaye wayoyin mutanen Kaduna. Na tsamo guda biyar, sauran ku yi haƙuri, in kun duba za ku ga taku tana ciki.

Daga wani mai walda a Panteka:

Malam barka da aiki. Dan Allah ka raba mu gardama ni da abokina, tun ranar Juma'a muke abu ɗaya a teburin mai shayi har shi mai shayin ya gaji damu. Ya nuna min bidiyon da wai jirgin yaƙin Amurka ya ɗauka, wani abu kamar ƙwai ba fiffike ba hayaƙi, wai yana cikin gudu sai ya tsaya cak kuma ya juya nan take. Shi yace eliyan ne, kuma tunda sun fi mu ci gaba da shekara miliyan to komai ma zasu iya. Ni kuma nace da ƙarfe nake neman abinci, babu ƙarfen da zai yi wannan juyin bai yage ba. Waye mai gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa Allah ya taimaki sana'a. Kai zan ɓata maka rai kaɗan, abokinka kuma da yawa.

Bidiyon dai ba haɗin kwamfuta bane. Ma'aikatar tsaron Amurka da kanta ta saki guda uku a watan Afrilun 2020, ɗaya an ɗauke shi a 2004 a tekun da ke kusa da Kalifoniya, biyu kuma a 2015. Amma abin da ta ce shi ne ba a tantance ko menene ba, bata ce daga wata duniya ya zo ba, kuma tsakanin maganganun nan biyu akwai tafiya mai nisa. Sannan ka sake karɓar wayar abokin naka ka kalla a natse, za ka ga tsayawa cak ɗin nan da juyin nan ba a cikin bidiyon suke ba, a bakin matuƙa suke, musamman David Fravor da ya ba da labarin abin da ya gani a 2004. Ban ce ƙarya ya yi ba fa, mutum yana iya rantsuwa a kan abin da idonsa ya nuna masa kuma idon ne ya yaudare shi, barin ma a saman teku inda babu bishiya babu gini da za ka gwada girma ko nisan abu da shi. Abin da kyamara ta kama ɗigo ne dishi-dishi.

Ɗauki ɗaya daga cikin na 2015, wanda ake ganin wani farin ɗigo yana sheƙa gudu kamar zai taɓa ruwa. Kwamitin da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta kafa ya ɗauki lambobin da ke rubuce a jikin allon bidiyon ya buga lissafi a rahotonsa na 2023, sai ga shi ashe abin yana sama da ruwan da kusan kilomita 4, gudunsa kuma kilomita 60 da ɗoriya ne a awa, irin gudun da iska ke kwasar balan-balan a can sama. Jirgin da ke ɗaukar hoton shi ne mai gudun. Duk wanda ya taɓa zama jikin taga a jirgin ƙasan Rigasa zuwa Abuja ya san wannan, bishiyar kusa sai ka ga tana falla gudu tana wuce dutsen nesa alhali tana nan inda take tun fil azal.

To mu ƙaddara ma labarin matuƙan daidai ne, mu zo kan ƙarfenka. Abu yana gudun kilomita ɗaya a sakan ya tsaya cik cikin sakan ɗaya, duk wanda ke ciki zai ji nauyinsa ya ninku sau ɗari, mai kilo 70 zai koma kamar tan 7. Matuƙin jirgin yaƙi da horonsa da rigarsa ta musamman sau 9 yake iya jurewa, shi ma na ɗan lokaci. Wani likitan sojan saman Amurka, John Stapp, ya sa an ɗaure shi a kan keken roka a 1954 aka taka birki, ya sha sau 46, ya rayu amma idanunsa jini ne ya cika su. Kaga nama da jini dai ba za su iya ba. Inda ka faɗi shi ne da kace ƙarfe ba zai iya ba. Zai iya mana, akwai harsashin igwa mai na'ura a ciki wanda ke jure ninkin dubu goma a lokacin harbi kuma na'urar ta ci gaba da aiki. In jirgin ba kowa a ciki sai inji, juyin kaɗai ba zai yaga shi ba.

Matsalar ba a ƙarfe take ba, a iska take. Duk abin da ya wuce gudun sauti a cikin iska, wato wajen kilomita 1,200 a awa, dole ya ture iskar da ke gabansa, kuma turewar nan tana zuwa da ƙara kamar aradu da zafi mai tsanani. A 2013 wani dutse daga sararin samaniya mai faɗin mita 20 ya shigo sararin garin Chelyabinsk a Rasha, haskensa ya fi na rana, ƙararsa ta farfasa gilasan gari mutum wajen 1,500 suka ji rauni. Abin da gudu ke yi a cikin iska kenan. Yanzu a ce min wani abu ya yi irin wannan fizgar shiru kamar ɓarawo, ba ƙara ba zafi ba ko kumfa a ruwan da ke ƙasansa, to ina iskar ta je? Wannan tambayar ita za ka kai ma abokinka teburin mai shayi, ba maganar yagewar ƙarfe ba.

Ita kuma "sun fi mu ci gaba" da yake ta maimaitawa, ba mabuɗin kowace ƙofa bace. Ci gaba shi ne ka iya aiki da dokar da Allah ya shimfiɗa ma halitta, ba ka soke ta ba. Kuma dokar nan ba ta duniyarmu kaɗai bace, ana auna ta a hasken taurari. Sinadarin hiliyom da ake hura balan-balan da shi, a hasken rana aka fara gano alamarsa a 1868, sai 1895 aka same shi a nan ƙasa, kuma shi ɗin ne dai bai canza hali ba. Duk inda na'urar hangen nesa ta leƙa, sinadaran nan namu ne take gani suna bin ƙa'idar da suke bi a Kaduna. Eliyan in akwai shi, da irin wannan kayan zai yi waldarsa.

Daga wani ɗalibin injiniya a Kadpoly:

Malam ni fa ban yarda da ku masu cewa ba zai yiwu ba. Ai da can ma an ce jirgin sama ba zai tashi ba, aka ce ba za a wuce gudun sauti ba, duk gashi an yi. Meye zai hana gudun haske ma wata rana a wuce shi? Kuma na karanta cewa akwai lissafin da ya nuna ana iya naɗe sararin samaniya a taƙaita tafiya.

Amsa: Ƙanina tambayarka ta fi ta kowa daɗi a wannan makon, amma misalanka biyu duk basu zauna ba. Lokacin da ake cewa jirgi ba zai tashi ba, ungulu tana shawagi a saman kan mai maganar, kuma ta fi iska nauyi. Lokacin da ake tsoron gudun sauti kafin 1947, harsashin bindiga ya daɗe yana wuce shi, kai ƙarar da bulala ke yi in an kaɗa ta ma bakinta ne ya wuce gudun sauti. Wato kowa na ganin abin yana yiwuwa, yadda za a ƙera ne ya gagara. Gudun haske ba haka yake ba, ba a taɓa kama ko ƙwayar zarra ɗaya ta wuce shi ba, kuma ba don ba a gwada ba.

A cibiyar CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa akwai rami zagayayye mai tsawon kilomita 27, ana cusa ma ƙananan ƙwayoyi wuta ana kora su, sun kai kashi 99.999999 cikin ɗari na gudun haske, kuma duk wutar da aka ƙara sai dai su ƙara ƙarfin duka, gudun kam sai matsowa kaɗan kaɗan ba ya tsallakawa, daidai yadda lissafin Einstein na 1905 ya faɗa. A 2011 wasu masu bincike a Italiya sun sanar cewa sun auna wasu ƙwayoyi da ake kira nutirino sun riga haske isowa, duniya ta ɗauka, jaridu suka yi ta bugawa. Da aka bi layi a 2012 sai aka tarar wata waya ce bata zauna daidai a soket ɗinta ba. Kai da ke karatun injiniya ka riƙe wannan labarin, zai maka amfani a wurin aiki.

Yanzu duba nisan. Haske na cin kusan kilomita 300,000 a sakan, amma tauraron da ya fi kusa da rana, Proxima Centauri, sai ya yi shekara 4 da 'yan watanni kafin ya iso mana, kilomita tiriliyan 40 kenan. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 yana gudun kilomita 17 a sakan, Kaduna zuwa Abuja a sakan goma sha ɗaya, amma da can ya nufa sai ya haura shekara 70,000 a hanya. Maƙwabcin da muke katanga ɗaya da shi kenan fa.

Sai ka ce to su yi gudu mana ko da basu kai haske ba. Wannan kam doka bata hana ba, sai dai kuɗin mai. Bari mu yi lissafin tare tunda ɗan aji ne kai: wutar da ake buƙata don a kai abu wani gudu ita ce rabin nauyi sau gudu sau gudu. Kilo ɗaya tak, ka kai shi kashi goma cikin ɗari na gudun haske, wutar da zai ci daidai take da a ce madatsar Shiroro da ke kan kogin Kaduna, mai megawat 600, ta yi aiki da cikakken ƙarfinta kusan kwana 9 ba ɗaukewa, kuma ba a ba kowa ko ƙwan fitila ɗaya ba. Kilo ɗaya fa. In jirgin ya kai nauyin tirela mai tan 30, Shiroro sai ta yi shekara 700 da wani abu. In sun iso kuma sai sun sake kashe irin wannan kafin su tsaya, don a can babu kwalta da taya zata kama. Ga kuma ƙura a hanya, a wannan gudun ƙwayar yashi mai nauyin miligiram ɗaya in ta daki gaban jirgi kamar an tayar da nakiya mai kilo 100 ne. Duk da haka tafiyar daga Proxima zuwa nan zata ci shekara 40 da ɗoriya. Ni a ganina wannan mai wuya ne ba gagararre ba, al'ummar da ta fi mu wuta da haƙuri zata iya turo inji, kuma in har wani abu zai zo to inji ne zai zo ba wani mai ƙaton kai da manyan idanu ba.

Maganar naɗe sarari gaskiya ka karanta. Wani masanin fiziks ɗan Meziko, Miguel Alcubierre, ya fitar da lissafin a 1994, a matse sararin da ke gaban jirgi a buɗa na bayansa, jirgin na zaune sarari na tafiya da shi. A takarda ya fita tsaf. Sai dai lissafin da kansa ya ce ana buƙatar wani irin makamashi da ke ƙasa da sifili, mai ɗimbin yawa, wanda babu wanda ya taɓa tara ko cikin cokali. Lissafi ya yarda da abu daban, a samu kayan aikin a kasuwa daban.

Daga wata Hajiya a Unguwar Dosa:

Malam ni da idona na gani ba labari ba. Bayan magariba muna tsakar gida da yara sai ga fitilu a jere a sama kamar carbi, sun fi ashirin, suna tafiya ba ƙara, can sai suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Yaran suka ce eliyan ne, ni dai addu'a na yi ta yi.

Amsa: Hajiya addu'a bata ɓaci, amma ki kwantar da hankalinki, taurarin ɗan adam ne na Starlink, masu ba da intanet. Tun 2019 kamfanin SpaceX ke harba su da yawa a roka ɗaya, kwanakin farko suna tafiya a jere kafin kowanne ya kama wurinsa ɗaruruwan kilomita a sama. Ba fitila gare su ba, hasken rana ne ke dukansu, don ke rana ta faɗi miki amma su a can sama bata faɗi ba tukuna, shi ya sa sai bayan magariba ko kafin asuba ake ganinsu. Ɓacewar da suka yi ɗaya bayan ɗaya kuma inuwar duniya suka shiga. Mu a Kaduna ma sai mun ƙara da namu abubuwan da ake gani a sama, ga sansanin sojan sama a Mando inda ake koyon tuƙi, a nan ne ma aka ƙaddamar da jirgi mara matuƙi na Tsaigumi a 2018. In kuma haske ɗaya ne ƙato da ya tsaya a yamma ba ya ƙyaftawa, ki gaida Zara matar wata.

Daga wani malamin Islamiyya a Tudun Wada:

Ana cewa suna karanta zuciyar mutum, suna ɓacewa, suna ratsa bango. Ni a fahimtata in ma akwai su to aljanu ne aka canza ma suna. Me kimiyya ta ce?

Amsa: Allah ya gafarta Malam, maganar aljanu fagenku ne, gaibu ne, kuma kimiyya bata da sikelin da zata ɗora gaibu a kai, don haka ba zan sa baki ba. Amma masu maganar eliyan ba gaibu suke da'awa ba, cewa suke halitta ce mai jiki da ta ƙera jirgi na ƙarfe wanda rada ke gani kyamara ke ɗauka. Wanda ya faɗi haka ya shigo fagen awo da ƙafarsa, dole a auna shi.

Ɓacewa tana da ƙamshin gaskiya. Jiragen yaƙi masu ɓoye ma rada suna nan, kuma a 2006 a jami'ar Duke ta Amurka an ƙera wani abu da ke karkatar da wani nau'in igiyar rediyo ta zagaye shi kamar ba ya wurin. Amma ɓoye ma ido gaba ɗaya ta kowace kusurwa ba a kai nan ba, kuma ko an kai, zafin jiki da na inji sai ya fita ta wani wuri, mai kyamarar zafi zai gan ka. Ko jirgin yaƙin nan na Amurka mai ɓoye ma rada, F-117, da ake ta kurantawa an harbo shi a ƙasar Sabiya a 1999.

Ratsa bango kam a'a. Abin da ke hana hannunka shiga bango shi ne ƙwayoyin zarrar hannunka da na bangon ba sa yarda su haɗa wuri, kuma shi ne dai abin da ke riƙe da jikin naka, ranar da ka kashe shi don ka wuce bango to ƙasan da kake takawa ma zata daina riƙe ka.

Karanta zuciya daga nesa an kashe kuɗi a kai ba kaɗan ba. Gwamnatin Amurka ta yi shekara wajen ashirin tana ɗaukar nauyin wani shiri, wanda daga baya aka sani da Stargate, na masu cewa suna gani daga nesa, a 1995 aka tantance aka ga bai taɓa ba da bayanin da aka yi aiki da shi ba, aka rufe. Ƙwaƙwalwa gaba ɗayanta wutar da take ci wajen wat 20 ne, siginar da ke fitowa ta ƙoƙon kai kuma rauninta ya kai sai an manna waya a fatar kai ake jinta. Abin da ya yiwu shi ne na'ura a cikin kai, kamfanin Neuralink ya dasa ma wani mai shanyewar jiki a farkon 2024 har yana motsa kibiyar kwamfuta da tunani. To in wasu halittu sun dasa ma junansu irin wannan suna hira ba baki, ban ga abin musu ba, rediyo ce a cikin kai. Amma su karanta naka kai da ba a dasa ma komai ba, da Hausar da basu taɓa ji ba, wannan sai an kawo shaida.

Daga wata ɗaliba 'yar aji biyar a Kawo:

Malam kenan kai baka yarda akwai su ba kwata-kwata? Kuma wai me yasa kullum a Amurka suke sauka, basu taɓa zuwa Najeriya ba?

Amsa: 'Yata ban ce babu ba. Taurarin da ke cikin gungun da muke ciki kaɗai sun haura biliyan 100, kuma duniyoyin da aka tabbatar suna zagaya wasu taurarin sun wuce 5,000, har shi Proxima ɗin an gano yana da tasa a 2016. A ce duk wannan fili mu kaɗai ne, ni dai ba zan rantse ba. Abin da nake cewa shi ne akwai su daban, sun zo daban, kuma ofishin da ma'aikatar tsaron Amurka ta kafa don bin diddigin wannan magana ya fitar da rahoto a Maris 2024 cewa bai samu shaidar fasahar wata duniya ko ɗaya ba.

Dalilin Amurka kuwa, inda aka fi gwajin jiragen sirri nan aka fi ganin abin mamaki a sama. CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, da kanta ta fitar da takardu a 2013 da suka nuna cewa a shekarun 1950 jirgin leƙen asiri na U-2 yana tashi sama da ƙafa 60,000 lokacin da jiragen fasinja ba sa kai rabin haka, matuƙa su hango abu na walƙiya a samansu su kai rahoto, hukuma kuma ta san ko menene amma ba zata faɗa ba.

Amma baƙo daga wata duniya ya taɓa sauka a ƙasar Hausa, sai dai dutse ne. A watan Oktoban 1962 wani manomi a Zagami, cikin lardin Katsina, yana korar tsuntsaye a gonarsa sai ya ji ƙara, abu ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye ya binne kansa a rami. Da aka tono sai ga dutse mai kilo 18, aka kawo shi nan Kaduna ofishin binciken ma'adinai. Daga baya aka gano daga duniyar Mars ya fito, don iskar da ta maƙale a cikinsa ta yi daidai da wadda kumbunan Viking na Amurka da suka sauka a can suka auna a 1976, kuma ya yi wajen shekara miliyan 3 yana yawo a sarari kafin ya faɗo. An yayyanka shi, gutsattsarinsa na ɗakunan bincike a ƙasashe da dama, kuma duk mai shakka yana iya neman ɗan ɓalli ya auna da kansa. In kin tashi rubuta aikin makaranta ki nemi sunan Zagami, malamin kimiyyarku zai taimaka miki.

Masu tambaya kan wata da ganinsa, naku sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.